Ƙafar Shahon Kifi da Hannun Bahago

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Ranar Juma'ar da ta wuce, an idar da salla ana ta fitowa, wani bawan Allah yana rabon dabino a bakin ƙofa. Sai wani yaro, bai fi shekara shida ba, ya miƙa hannun hagu zai karɓa. Kafin dabinon ya taɓa tafinsa mahaifinsa ya kai wa hannun duka, har sai da na jiwo ƙarar daga inda nake neman takalmina. Dabinon ya faɗi ƙasa. Yaron bai yi kuka ba, ya dai soke hannun cikin aljihu ya sunkuyar da kai. Uban ya juyo yana ba jama'a haƙuri, yana cewa, "Wallahi na yi, na yi da yaron nan, ya ƙi bari. Bahago ne. Ban san inda ya kwaso wannan hali ba."

Ban ce masa komai ba, domin ba ni da bakin magana. Abin da ya yi a bainar jama'a, ni na yi wanda ya fi shi a cikin gida. Ɗana na fari bahago ne, kuma lokacin yana ƙarami har ɗaure masa hannun hagu na taɓa yi da ɗankwalin uwarsa, wai don ya saba da dama. Ina ganin tarbiyya nake yi. Amma kalmar nan da uban ya faɗa, wato "hali", ita ta tsaya mini a rai duk makon nan. Shin bahagwanci hali ne da yaro ke kwasowa, kamar ƙarya ko ɗauke-ɗauke? Ko kuwa halitta ce, kamar tsawo da gajarta? In halitta ce, me ya halatta mu tanƙwara a jikin ɗa, me kuma ya kamata mu bar wa Wanda Ya yi shi? Tambayar ke nan da nake so mu tauna tare a takardar wannan mako.

Bari in fara daga nesa, daga bakin ruwa. Akwai wani dattijo mutumin Yawuri da muke salla sahu ɗaya, mai sana'ar banda, wanda ke sarin kayansa a kasuwar kifi ta Kado. Ya yi ƙuruciyarsa cikin Sarkawa a kan tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama gina madatsar ruwan a 1968. Na ba shi labarin yaron nan, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ko tsuntsu akwai bahago." Na zaci ba'a yake yi. Ya ce in zauna in ji.

Ya ce manyan tsuntsaye masu farautar kifi iri biyu suka sani a ruwan. Akwai gaggafar ruwa, mai farin kai da farin ƙirji da jajayen kafaɗu, wadda ke ɗaga kai sama ta yi kuka a ji ta daga tsallake. Ita 'yar gida ce, rani da damina tana nan. Akwai kuma wani shaho, bayansa ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, da baƙin zane da ya ratsa idonsa kamar ya sa kwalli. Shi baƙo ne. Yakan iso in damina ta ja baya, ya yi hunturu tare da su, in zafin bazara ya kawo kai a neme shi a rasa. Dattijon ya ce, "Ɗan ci-rani ne kamar mu."

Kuma gaskiya ya faɗa. Wannan shahon kifi a Turai yake ƙyanƙyasa, a ƙasashe irin su Suwidin da Finlan da Jamus da Sukotlan. In sanyi ya gabato, wajen watan Satumba, sai ya kamo hanyar kudu, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a koguna da tafkunan Afirka ta Yamma, tun daga Sanagal da Gambiya har zuwa Kainji da fadamar Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi. Dubban kilomitoci ke nan. Wajen Maris ko Afrilu ya juya gida. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a shekarar shi kaɗai yake yin tafiyarsa ta farko, ba uwa ba uba, ba wanda ya nuna masa hanya, kuma yakan zauna a nan ƙasashenmu fiye da shekara kafin ya fara komawa. Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi muka zo Abuja neman abinci, ai ya kamata mu ga ɗan uwa a jikin wannan tsuntsu.

Abincinsa kusan duka kifi ne, kuma Allah Ya ƙera masa ƙafa daidai da sana'arsa. Yakan yi shawagi a saman ruwa, in ya hango kifi sai ya sulmiyo, ya turo ƙafafu gaba, ya faɗa ruwan har wani lokaci ya nutse gaba ɗaya. Yatsansa na gefe yana iya juyawa baya, ya zama biyu a gaba biyu a baya, kamar awartaki. Tafin ƙafarsa kuma kaushi gare shi mai tsini-tsini, don kada santsin kifi ya kuɓuce masa. Da ya tashi sama sai ya kakkaɓe ruwa, ya juya kifin ya sa kansa ya fuskanci gaba, yadda iska ba za ta tare shi ba. To a nan ne maganar take. Don ya riƙe kifi a tsaye haka, dole ƙafa ɗaya ta kama wajen kai, ɗaya ta kama wajen baya. Dole ɗaya ta shiga gaba. Dattijon ya ce su da suke kwana su tashi a kan ruwa sun lura ba kowane ne ke sa ƙafa iri ɗaya a gaba ba. Masu nazarin tsuntsaye ma sun bi wannan sawu, suka tara hotunan shahon yana tafe da kifi suka ƙirga, suka ga waɗanda suka sa ƙafar hagu a gaba sun fi yawa.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa kiwon aku ya san da ƙafa yake ɗaukar gyaɗa ya kai baki, kuma kowane aku da ƙafar da ya fi so. A cikin danginsa na ƙasar Ostireliya akwai waɗanda kusan dukansu da hagu suke ci. Mu 'yan Adam kuwa dama ce ta rinjaya, amma wajen mutum ɗaya cikin goma bahago ne, a kowace ƙasa, cikin kowace ƙabila. Likitoci sun ce tushen abin a ƙwaƙwalwa yake: ɓangarenta na hagu shi ke sarrafa gefen dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa hagu, shi ya sa wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, in cutar ta taɓa ɓangare ɗaya na kai, ɗaya gefen jikin ne ke mutuwa. Har da na'urar duba ciki an ga jariri tun bai zo duniya ba yana tsotsar babban yatsan hannun da ya fi so. Ke nan yaron da aka doke a ƙofar masallaci ba a layin unguwa ya kwaso abin ba, da shi ya zo.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma shi na ce wa dattijon. "To sai me? Mu tsuntsaye ne? Shaho ba ya bisimilla, ba ya alwala, ba a yi masa hisabi. Don abu ya zama halitta ba shi ke nan ya zama daidai ba. Fushi ma halitta ne, kwaɗayi halitta ne, son barci da asuba halitta ne. In za mu bar wa kowa abin da ya zo da shi, ina amfanin tarbiyya?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Gaskiya ne ba a ɗaukar hukunci daga tsuntsu. Wanda ya ce tunda shaho na riƙe abincinsa da hagu shi ma zai ci tuwo da hagu, ya yi bahaguwar fahimta. Mutum an ba shi hankali da zaɓi, an kuma ɗora masa umarni da hani, abin da ba a ɗora wa tsuntsu ba.

Sai dai akwai abin da ake ɗauka daga tsuntsu. Alƙur'ani a Suratul An'am ya gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, a Suratul Mulk ya ce mu ɗaga kai mu dube su, a Suratul Ma'ida kuma hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan uwansa. Abin da shahon kifi ke nuna mana shi ne irin abin da muke fama da shi. Shaho ba shi da taurin kai, ba shi da raini, ba shi da miyagun abokai, Shaiɗan bai yi masa huɗuba ba, amma ga shi da ƙafar da ya fi so. Ke nan karkata zuwa gefe ɗaya na jiki abu ne da Mahalicci Ya shimfiɗa cikin halittarSa, tun kafin a zo maganar biyayya ko saɓo. Mai maganin da bai san ciwo ba, ko ya yi niyyar alheri ɓarna zai yi. Uban da ya ɗauki halitta a matsayin rashin kunya zai yi ta dukan abin da duka ba ya gyarawa, ya kuma ɓata abin da yake lafiya lau.

Saboda haka mu raba abubuwan da muka cakuɗa. Akwai halitta, wato hannun da ya fi ƙarfi da iya aiki. Akwai ladabi, wato abin da aka koya mana mu yi da dama. Akwai kuma hali, wato abin da ke cikin zuciya na girman kai ko ƙanƙan da kai. Kuskuren da na yi wa ɗana, wanda uban nan ma ya yi, shi ne mun ga halitta muka kira ta hali, sannan muka yi amfani da ladabi a matsayin bulala.

Ladabin kansa ba abin wasa ba ne, kada wani ya fahimce ni a baibai. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son farawa da dama wajen sa takalmi da taje kai da tsarki. An umarce mu mu ci da dama mu sha da dama. Mafi yawan malamai sun ce mustahabbi ne mai ƙarfi, wasu ma sun ce wajibi ne. Hikimarsa kuma a fili take ga duk wanda ya taɓa cin abinci akushi ɗaya da mutum biyar: an ware hannu ɗaya don tsarki da kawar da ƙazanta, ɗaya don abinci da gaisuwa, kowa ya sa hannu a kwano hankalinsa kwance. Bahago ma wannan umarni ya hau kansa, kuma zai iya. Cin abinci ba aikin ƙwarewa ba ne kamar zare allura. Duk bahagon da aka koya wa da haƙuri yana iya kai loma baki da dama, kuma ladansa ya fi na wanda abin bai yi wa wuya ba.

Amma mu dubi yadda aka koyar. Akwai labari biyu da duk ɗalibin hadisi ya sani. Na farko na Umar ɗan Abu Salama ne, agolan Manzon Allah, ɗan Nana Ummu Salama. Yana yaro, hannunsa na yawo ko'ina cikin kwano. Sai Annabi ya kira shi da lafazi mai taushi, ya umarce shi ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Shi ke nan. Ba mari, ba tsawa, ba kunyatawa. Shi da kansa ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya zama har girmansa. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Na biyu Muslim ya kawo daga Salamatu ɗan Akwa'u: wani babban mutum ne ya ci da hagu a gaban Annabi, aka ce ya ci da dama, ya ce ba zai iya ba, alhali zai iya. Mai ruwayar ya bayyana cewa girman kai ne kawai ya hana shi. Annabi ya yi masa addu'a a kan abin da ya faɗa, daga nan bai ƙara iya kai hannun baki ba.

Mu kan riƙe labari na biyu mu tsorata yara da shi, mu manta da na farko, alhali na farkon ne ya shafi yara. Abin da ya halaka mutum na biyu ba a hannunsa yake ba, a zuciyarsa yake. An gaya masa gaskiya ya yi ƙarya don kada ya rusuna. Yaro ɗan shekara shida da hannunsa ya riga tunaninsa miƙewa, ina girman kai a nan? Shi ya sa Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa in akwai uzuri kamar ciwo ko rauni a hannun dama, babu karhanci a ci da hagu. Malamai sun san hukuncin yana kallon niyya da iko. Kuma masana tarihi sun siffanta Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da cewa mutum ne mai aiki da hannayensa biyu, hagunsa na aiki kamar damansa. Ba mu ji wanda ya ce wannan ya rage masa daraja ba.

Abin da aka nema ga bahago ƙididdigagge ne: ci, sha, musafaha, bayarwa da karɓa, shiga masallaci da ƙafar dama, farawa da dama a alwala da sa tufafi. Rubutu fa? Ɗinki fa? Riƙe wuƙar fawa, guduma, almakashi, sitiyari, muciya? Malamai ba su hana yin waɗannan da hagu ba. Mu ne muka faɗaɗa abin har ya zama ko tsintsiya yarinya ta ɗauka da hagu sai an ce ta yi abin kunya. Abin mamaki ma, rubutun allo daga dama yake tafiya zuwa hagu, don haka bahago hannunsa ba ya bin kan ɗanyen tawada ya goge. A fagen dambe kuwa kowa ya san tsoron da ake yi wa bahago, har laƙabi ne na yabo, ka ji ana Bahagon wane, Bahagon wane. Sunan ya kai har gidan sarauta, ga Sarkin Minna nan kusa da mu, Alhaji Umar Faruk Bahago. Ashe al'adarmu ma baki biyu gare ta: tana yi wa bahago kirari in ya girma ya yi suna, tana dukansa lokacin da yake ƙarami ba mai kare shi.

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma duk manomi ya san akwai tanƙwarawa akwai karyawa. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba, makarantun Turawa sun daɗe suna tilasta wa yara rubutu da dama kafin su gane su bari. Sarkin Ingila Joji na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabet, wanda ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952, bahago aka haife shi aka tilasta masa dama, ya kuma taso da in'ina mai tsanani da jin tsoron magana a gaban jama'a. Ni ban buƙaci zuwa Ingila ba, a ɗakina na gani. Ɗana ya koyi rubutu da dama, amma rubutun kamar tafiyar kaza, kullum shi ne na ƙarshe wajen kwafe darasi, har wani malami ya ɗauka daƙiƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani abu da na gane daga baya. Ya koyi ɓuya. In ina nan dama, in na fita hagu. Da hannuna na koya wa ɗana fuska biyu, ina cewa ina koya masa sunna. Yau tela ne, yana yanka yadi da hagu, layinsa ba ya karkacewa, yana kuma ci da dama ba tare da kowa ya tuna masa ba. Wanda ya gyara cin abincin nasa kakarsa ce, Allah Ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Takan zaunar da shi kusa da ita ta riƙe hagun nasa cikin tafinta kamar wasa, tana ba shi labari, har ya cinye da dama bai sani ba.

Maganar ba ta tsaya a gida ba, ta biyo mu kasuwa. Mu 'yan tireda da masu shago mun san yadda rai ke ɓaci in aka miƙo mana kuɗi da hagu. Wani har ya ƙi karɓa, wani ya watsa wa mutum canji. To a wannan gari da muke zaune, mutum nawa ne suka taso a gidan da aka koya musu abin da aka koya mana? Abuja ta tara kowa. Wasu al'adarsu ɗaya da tamu a wannan, wasu ba su taɓa ji ba. Kwanaki a gabana wani matashi ya hantari wani mutum a kan ya miƙo kuɗin sukari da hagu. Mutumin bai ce uffan ba, ya ɗaga hannun rigarsa. Hannun daman a shanye yake. Daga sansanin 'yan gudun hijira na nan Durumi ya fito, cikin mutanen Gwoza da rikici ya koro, kuma a hanyar gudu ya samu raunin. Matashin ya rasa inda zai sa kansa. Da ya yi jinkirin numfashi ɗaya kafin ya yanke hukunci, da bai ɗauki wannan nauyi ba.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Mudun da ake tauyewa, da wane hannu ake tauye shi? Sikelin da ake danna wa yatsa, cin hancin da ake miƙawa a ninke, takardar bashin da ake sa wa hannu ba da niyyar biya ba, ashe ba duk da dama ake yi ba? Mutum zai ƙi karɓar naira ɗari da hagu don tsoron Allah, ya karɓi haram da dama hankalinsa kwance. An girmama dama ne don ta zama hannun alheri, hannun da ke sadaka a ɓoye har ɗan uwansa na hagu bai sani ba, kamar yadda hadisin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi ya siffanta. In muka riƙe ɓawon muka yar da ƙwayar, to mun zama masu tsare ƙofar gidan da ba kowa a ciki. Hannun da ya doki yaron nan a bakin masallaci ma, na lura, na dama ne.

Da zan tashi daga wurin dattijon na tambaye shi, a cikin ƙafafun shahon wacce ce babba, ta gaba ko ta baya? Ya ce shi dai abin da ya gani, in ɗaya ta saki, kifin ruwa yake komawa, kuma ya sha ganin gaggafa ta biyo shaho ta matsa masa har ya saki ta cafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko a alwala, da me kake wanke damanka in ba da hagu ba? Fifikon da aka ba dama fifikon tsari ne, irin na liman da ladan, ba a ce ɗayan abin ƙyama ba ne.

Don haka ga 'yar shawarata, ni da na riga na yi kuskuren. Iyaye, in kun ga ɗanku ya karkata hagu, kada a ɗaure, kada a shafa barkono, kada a kira shi da sunan banza. A koya masa ci da sha da gaisuwa da karɓa da dama, a hankali, a maimaita ba gajiya, a ajiye masa cokali da kofi ta gefen dama, a yaba masa in ya tuna. In ya manta a gaban mutane, a raɗa masa a kunne. Sauran ayyuka kuwa a bar shi da hannun da Allah Ya ƙarfafa masa. Malaman allo da na Islamiyya, Allah Ya saka muku da alheri, ku zaunar da bahago a ƙarshen layi ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, kuma kada a auna ƙoƙarinsa da hannun da ya riƙe alƙalami. 'Yan uwana 'yan kasuwa, in an miƙo da hagu, a duba kafin a yi magana. In ɗan gida ne da ya san abin, a tuna masa da murmushi. In baƙo ne, a karɓa da dama a ba shi canji da dama, wataƙila abin da ya gani a hannunka ya fi abin da zai ji a bakinka. Ku kuma bahagwai manya da ke cikinmu, kada wannan takarda ta zama hujjar sakaci. Halittarku ba laifi ba ce, sunna kuma tana nan a kanku kamar kowa.

Ga uban yaron nan, in wannan takarda ta iso hannunka, ka sani ba tonon asiri nake yi ba, ba wanda zai gane ka, kuma na san ƙauna ce ta sa ka. Ni na yi shekaru kafin in iya neman afuwar nawa ɗan, ranar da na yi kuwa murmushi kawai ya yi ya ce, "Baba, ai ya wuce." Kai naka yana da shekara shida, lokaci na hannunka. Yau in an sauko Juma'a, ka sayi dabino ka ba shi da kanka, ka riƙe hagun nasa a tafinka, ka bar shi ya miƙo ɗayan.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu, Ya yafe mana abin da muka yi musu cikin rashin sani. Allah Ya sa mu karɓi takardunmu da hannun dama ranar gobe ƙiyama. Ya mai da kowane ɗan ci-rani gida lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.